Gangara da shimfiɗa ga tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi

Karen gadi idan ya haura shekara 7 ko 8, musamman manyan nan irin Alseshan da ake ajiyewa a gidajen Nasarawa da Bompai, ƙugu da gwiwa ne ke fara gaza masa. Da safe za ka ga ya ɗaga gaba ya bar baya a ƙasa, ko ya zo bakin dakali ya tsaya yana kallo. Masu gida sukan ce lalaci ne, alhali guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓinsa ne ya cinye. Ni kafinta ne, magani na likitan dabbobi ne, amma akwai abin da katako ke iya sauƙaƙa masa.

Mu a Kano kare ba ya hawa gado ko kujera, saboda haka 'yar matakalar hawa gado da ake gani a hotunan Turawa ba ta shafe mu ba. Wahalar namu ita ce hawa keji ko dakali, kwanciya a kan siminti, da santsin tayil.

Fara da gangara, wato katakon da ake ɗorawa a karkace don karen ya riƙa hawa da sauka ta kansa. Auna tsayin wurin da yake hawa. Duk ƙafa ɗaya ta tsayi, ka ba ta ƙafa uku ta tsawon katako, huɗu ma idan baya ya yi rauni sosai. Wato kejin da ya tashi inci 18 daga ƙasa yana son gangara mai ƙafa huɗu da rabi zuwa shida. A nan ake yawan yi mini gardama. Mai gida zai ce, "Malam, rage tsawon, tsakar gidan ba fili." In ka rage, ta miƙe tsaye, karen ya ƙi hawa, kuɗin katako sun tafi a banza. Faɗi kuwa kada ya gaza inci 16, babban kare a ba shi 20.

Je 'Yan Katako a Na'ibawa ka nemi filawud mai kaurin kwata uku na inci. Ba sai ka sayi cikakke mai ƙafa 4 da 8 ba, ana samun yanki. Ɗauki tu-bai-tiri, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci uku, guda biyu ka ɗaura su a ƙarƙashi, tun daga sama har ƙasa, saboda idan katako ya lotsa sau ɗaya a ƙarƙashin ƙafar karen, da wuya ya sake yarda da shi. Da sukuru nake ɗaurewa, don ƙusa tana ɗagowa idan katako ya sha rana, ta tsaga masa tafin ƙafa. A gefe biyu ka kafa siririn katako mai tsayin inci biyu, ya hana ƙafar baya zamewa waje. A goge ko'ina da sanfefa.

Saman shi ne rabin aikin. Filawud tsirara santsi gare shi, balle ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Manna tsohon kafet da gam, ko tabarmar roba irin ta ƙasan mota, ka gitta ƙananan sanduna duk bayan inci shida, kaurinsu kada ya wuce rabin inci. Kan gangarar ya zama a ɗaure yake da bakin kejin, ba jingina kawai ba. Ƙasan kuma a sa masa yankin tsohuwar taya, ya hana shi gudu, ya kuma raba shi da danshin damina.

Ranar farko kada ka ɗaga ta. Kwantar da ita a ƙasa, jera 'yan gutsattsarin nama a kai, ya taka da kansa. Washegari sa bulo ɗaya a ƙarƙashin kanta, ta ɗan ɗaga. Ka gargaɗi yaron gida kada ya ja shi da sarƙa.

Shimfiɗa ba ta da wuya. Akwati mai tsayin inci uku ko huɗu, a buɗe ta gaba, da soso mai tauri na inci huɗu. Danna da tafin hannu, in ka ji katako, soson ya mutu, kada ka karɓa ko kyauta ne. Naɗe shi da leda mai kauri saboda fitsari yakan kufce wa tsohon kare, sannan ka ɗora tsohon bargo da za a riƙa wankewa ana shanyawa don kaska da ƙuma. A Disamba da Janairu matsar da ita inda iska ba ta bugawa, ka rataya buhu a jikin kejin. In zafin Afrilu ya shigo, mayar da ita inuwa, don zai gudu ya koma kan siminti.

Inda yake bi a kan tayil, shimfiɗa dogon yankin kafet, a kuma riƙa rage masa farce. Kwanon ruwa ya samu ɗan benci gajere, yadda ba sai ya sunkuya har ƙasa ba.

Rage masa tuwo idan ya yi ƙiba, nauyin a kan gwiwar yake sauka. Kuma kada tausayi ya sa ka ɗauko ibuprofen ko diclofenac daga kemis ka ba shi, suna iya huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Akwai irin su meloxicam da likitan dabbobi ke rubutawa, shi zai auna nauyin karen ya faɗa maka adadin.