Babi na Huɗu: Shirya Fili da Kafa Rumfar Ginshiƙai a Gona

Rumfar da za mu koya a wannan babi ba ta da bango kuma ba ta da harsashi irin na ɗaki. Ginshiƙai ne ake kafawa a cikin ƙasa, a ɗora rufi a kansu. Ana ajiye amfanin gona a ciki, ko kayan aiki, ko dabbobi. Tamu za ta yi tsawon mita 8 da faɗin mita 6. Ku rubuta waɗannan lambobi biyu a littafinku yanzu: 8 da 6. Wanda hannunsa bai saba ba ya rubuta a hankali, ba tsere muke ba.

Darasi na 1: Zaɓen wuri

Ku je gonar bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ku tsaya ku duba. Inda ruwa ya kwanta, ku bar wurin ko da ya fi kusa da hanya. Inda ruwa ya gangare ya wuce, ƙasa ta tsane da wuri, nan ne wurin rumfa. Ginshiƙin da ƙafarsa ke cikin danshi kullum ruɓewa zai yi. Kada ku kafa a ƙarƙashin babbar bishiya, saboda reshe yana karyewa, saiwa kuma tana hana haƙa. Ku lura da gefen da iska mai ƙarfi ta saba zuwa, ku juya wa gefen nan bayan rumfar.

Ku sare ciyawa, ku tuge kututture, ku kankare baƙar ƙasar sama mai taushi har ku taɓa mai tauri. Ku share fiye da girman rumfar da mita 2 ta kowane gefe, don ku sami wurin motsi. Tudu a rage shi, kwari a cike shi a daddaɓe.

Darasi na 2: Daidaita kusurwa

A nan ne na ga mutane da yawa suna faɗuwa, har da waɗanda suka iya aikin hannu sosai. Saboda haka za mu daɗe a nan.

Ku tanadi tef ɗin awo, igiya wadda ba ta ƙara tsawo idan an ja ta, turaku da guduma. Aikin na mutum biyu ne aƙalla. Ku duba bakin tef ɗin, inda ɗan ƙarfe yake. Daga nan awo yake farawa, nan ne sifili. Mai riƙe bakin tef ya ɗora ƙarfen a kan turke, kada ya naɗe shi a yatsa ya fara daga lamba 10.

Ku kafa turke na farko. Wannan ita ce kusurwa ta farko. Daga gare shi ku auna mita 8, ku kafa na biyu, ku ɗaura igiya tsakaninsu ta miƙe tsaf. Ku koma turke na farko, ku ɗaura wata igiya, ku ja ta wajen faɗi, mita 6. Kada ku buga turke na uku da ƙarfi tukuna.

Yanzu ga lambobi uku da za ku haddace: 3, 4, 5. A kan igiyar tsawo, daga turke na farko, ku auna mita 4 ku yi alama. A kan igiyar faɗi, daga wannan turken dai, ku auna mita 3 ku yi alama. Sai ku auna tsakanin alama da alama. Idan kun sami mita 5 cif, kusurwarku ta daidaita. Idan ya wuce 5, kusurwar ta buɗe da yawa, ku matso da igiyar faɗi ciki. Idan bai kai 5 ba, kusurwar ta tsuke, ku tura igiyar waje. Igiyar faɗi kaɗai ake motsawa. Ta tsawo tana nan inda take.

Mu sake. Huɗu a kan igiyar tsawo. Uku a kan igiyar faɗi. Dukansu daga turke ɗaya ake fara aunawa. Biyar a tsakani. Wanda bai samu ba a karo na farko kada ransa ya ɓaci, ni kaina ban samu a karo na farko ba. A matsa kaɗan, a sake aunawa.

Na taɓa tsayawa a kan wani ɗalibi, dattijo mai ƙwazo, ya sami mita 5 da santimita 12. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai ɗan wannan ba komai." Na ce masa, "Baba, riƙe tef ɗin mu je ƙarshen igiya." Da muka je, mita 6 daga turken, igiyar ta kauce daga inda ya kamata da kusan santimita 30. Kuskure ƙarami a kusurwa girma yake yi yana tafiya, kuma ba ya nuna kansa sai ranar da aka zo jera kwano, a ga kwanon ya ƙi bin katako.

Ku maimaita wannan aikin a turke na biyu don ku sami wurin turke na huɗu. Idan kun kafa turaku huɗu, saura gwaji na ƙarshe. Ku auna a gicciye, daga kusurwa zuwa wadda ke can ƙetare da ita. Sannan ku auna ɗaya gicciyen. A rumfa mai mita 8 da 6, kowanne dole ya ba da mita 10. Idan ɗaya ya ba da 10 da ɗori, ɗaya kuma bai kai ba, rumfarku ta karkace. Ku koma kan 3, 4, 5.

Kuma ina roƙonku ku daina auna kusurwa da ido. Kowane aji sai na faɗa, kowane aji sai an sami wanda zai rufe ido ɗaya ya ce ya ga ta miƙe. Tef yana hannunka, me ya hana ka shimfiɗa shi? Wasu kuma suna barin igiya ta yi sako-sako tana lilo, su auna a kanta, su zo su ce lissafin ne bai yi ba. Lissafin yana nan daidai. Ku ja igiya ta yi tauri. Ku fara daga sifili. Uku, huɗu, biyar, sannan goma da goma a gicciye. Kada kowa ya ɗauki dagi kafin ya ga waɗannan lambobi da idonsa.

Abu ɗaya ya rage. Idan kuka fara haƙa, turakun kusurwa za su fita. Don haka ku zarce da kowace igiya mita 1 bayan kusurwa, ku ɗaure ta a wani turke a can. Inda igiyoyi biyu suka gitta juna, nan ce kusurwarku.

Darasi na 3: Ramuka da ginshiƙai

A kan kowane gefen tsawo ku yi alama duk bayan mita 2. Ginshiƙai 5 ke nan a kowane gefe. A tsakiya a yi wani layi na 5 da suka fi tsayi, su za su ɗauki ƙololuwar rufi. Duka 15.

Zurfin rami ya kai mita 1. A zuba tsakuwa a ƙasansa a daddaɓe, don ruwa ya tsane kuma ginshiƙi kada ya nutse. Ku nemi itacen da aka yi wa maganin gara da ruɓewa. Ku fara da ginshiƙan kusurwa huɗu. A ɗaura ɗan dutse a zare a sake shi kusa da ginshiƙi: idan ginshiƙin ya bi zaren daga sama har ƙasa, ya tsaya daidai. A duba ta gefe biyu, sannan a tokare shi da katako. A mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa, ko a zuba kankare. Kafin kankare ya kama, ku sake auna gicciyen nan biyu.

Darasi na 4: Rufi

A haɗa kawunan ginshiƙai da katako mai kauri, a ɗaure da noti in da hali, ya fi ƙusa riƙo. A sa gajerun katakai a karkace tsakanin ginshiƙi da katakon sama, su ne ke hana iska girgiza rumfa. Wanda bai taɓa hawa rufi ba ya kira kafinta.

Darasi na 5: Kwano da magudana

A fara jera kwano daga ƙasa zuwa sama, na sama ya hau kan na ƙasa. A buga ƙusa a kan tudun kwano, kada a buga a kwarinsa. A haƙa 'yar magudana kewaye da rumfa ta janye ruwan rufi nesa da ginshiƙai.