Yadda malami zai kafa majalisar aji a makarantarsa

A yawancin makarantunmu na firamare da sakandare, malami ne ke nuna yaro da yatsa ya ce shi ne monita, aikin monita kuwa bai wuce ɗauko alli daga ofis da rubuta sunayen masu surutu ba. Majalisar aji tana sauya wannan tsari, domin ɗalibai ne ke zama da malaminsu su yi muhawara, su kaɗa ƙuri'a a kan wasu al'amuran karatunsu. Abin yana da madogara, tunda sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya tanadi a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa.

Tun kafin ka yi wa ɗalibai maganar, ka fara zama da shugaban makaranta ku fayyace abin da za a sakar musu da wanda ba za a saki ba. Manhaja, jarrabawar ƙarshen zango, kuɗi, da duk abin da ya shafi lafiyar yara ba sa cikin lissafi. Tsarin zama, jadawalin shara, dokokin aji da ranar da za a yi gwaji kuwa, ana iya barin su a hannunsu. Ko makarantar Summerhill ta Ingila, wadda A. S. Neill ya kafa a 1921, inda ƙuri'ar ƙaramin yaro take daidai da ta shugaban makaranta, ba ta miƙa ɗaukar malamai da sha'anin kuɗi ga taron ɗalibai ba. Ka rubuta iyakokin ka liƙa a bango. Wannan mataki ya fi sauran nauyi, saboda malamin da ya ce wa yara su zaɓa, sannan ya soke zaɓin don bai yi masa daɗi ba, ya bar su ga ƙoshi ga kwanan yunwa, kuma da wuya su sake yarda da maganarsa.

Daga nan sai zaɓen shugaban majalisa da magatakarda. Kada a yi shi da ɗaga hannu, domin ƙananan yara za su dubi fuskar manyan da ke bencin baya kafin su ɗaga. A ba kowa guntun takarda ya rubuta suna, ya ninke, ya jefa a kwalin alli, sannan a ƙirga da babbar murya, wani ɗalibi yana jan layi a allo. Wa'adin ya zama zango ɗaya, idan kuma ajin na maza da mata ne, a raba muƙaman biyu tsakaninsu.

Zaman farko na tsara dokoki ne. Ka jefa musu tambaya guda: me yake hana mu karatu a ajin nan? A ajin da ya cika maƙil ba kowa zai samu magana ba, don haka kowane benci biyu su haɗu su fitar da wakili. Dokoki biyar ko shida sun isa. Wurin hukunci ne za ka sa ido sosai, domin yara sukan fi manya tsanani, don haka ka sanar tun farko cewa babu duka, babu tozartawa, babu tarar kuɗi. Ka kuma yarda dokar ta hau kanka, wato idan an hana makara, kai ma an hana ka.

Bayan haka a riƙa zama na minti ashirin kowane mako, ranar Alhamis ta fi dacewa tunda Juma'a ana tashi da wuri. Kai ka koma benci, ka ɗaga hannu kamar kowa idan kana son magana. Magatakarda ya fara karanto abin da aka zartar a makon jiya, a tambayi ko an aiwatar.

Idan zaman ya kankama, ka shigo da darasin kansa. Ka gabatar da batun mako mai zuwa, su zaɓi yadda za a bi da shi, ko ta muhawara, ko aikin rukuni, ko a aiki wasu su tambayo dattawan unguwa su kawo rahoto. A ƙarshen mako kowa ya rubuta abu ɗaya da bai gane ba, ba tare da sa suna ba, ka buɗe darasin Litinin da abin da aka fi maimaitawa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfin aji, irin lalacewar bandaki ko rashin ruwan sha, magatakarda ya rubuta shi a miƙa wa wakilan ɗalibai a kwamitin SBMC mai kula da makaranta, a kuma sa ranar da za su dawo wa majalisa da amsa.