Yadda ake ƙera tsinken cire zoben roba na regiletar masu nutso

1. Samo sandar tagulla mai kaurin milimita 2, ka yanko santimita 12. Kada ka kuskura ka ɗauki allura ko wayar ƙarfe: jikin regileta (na'urar da ke rage matsin iskar tanki don mai nutso ya shaƙa) tagulla ne da aka lulluɓe da kurom, ƙarfe na karce ramin da zoben ke zama, iska kuwa ta nan za ta riƙa tsiyaya ko an sa sabon zobe.

2. Daddake bakin da guduma ya yi faɗi.

3. Goge shi da magagari, sannan samfefa mai lamba 600, har kaifin ya mutu. Gwada a farcenka. In ya bar zane, da saura.

4. Lanƙwasa milimita 5 na ƙarshen bakin da ka goge da filaya.

5. Wanke da sabulu, ka busar, don maiko da iskar oksijin mai matsi da ke bi ta regileta suna iya tayar da wuta.