Kurakuran da masu zanen lalle suka fi yi wajen yanke kuɗin aiki

Babu abin da ke cin mai kunshi kamar maganar nan ta "ki ba da abin da ya sauwaƙa". Kunya ce ke sa mai kunshi ta faɗe ta, musamman idan mai son kunshin 'yar unguwa ce ko ƙawar yaya. Sai kin wuni a duƙe, bayanki ya ƙage, sannan a miƙo miki abin da bai kai kuɗin lallen da kika kwaɓa ba, ke kuma ba bakin magana. Ki yi ciniki tun kafin ki zauna. Faɗin farashi a farko ba rashin mutunci ba ne, rigimar bayan an wanke lalle ita ce ke ɓata zumunci.

Da yawa kuma kayan aiki kawai suke lissafawa: lalle, salatif, mahallabiya, leda. Su manta cewa lokaci da ƙwarewar hannu su ne ainihin abin da suke sayarwa. Shi ya sa kuɗi ɗaya na "hannu da ƙafa" ga kowa yake cutar da ke. Jan lalle na salatif a tafin hannu daban, zanen fulawa mai ƙananan ganye da ɗigo-ɗigo da zai hau har gwiwar hannu daban. Na biyun zai iya cin awa uku ko fiye. Idan aka turo miki hoto ta WhatsApp aka ce "irin wannan nake so", ki buɗe shi da kyau, ki ga cikar zanen, ki tambayi inda zai tsaya a hannu da ƙafa, sannan ki faɗi kuɗi. Ki riƙa duba agogo a ayyukanki na mako guda, za ki gane nawa awarki take kawowa.

Kunshin amarya kuwa nan ne asara ta fi yawa. An yi ciniki a kan amarya ita kaɗai, kina isa gidan biki sai ga ƙawaye shida, ga ƙannen ango, kowa na cewa "ɗan yatsa kawai za ki yi mini". Tun a waya ki raba: na amarya kaza, kowace ƙawa kaza. In za a haɗa da dilka da halawa, su ma da nasu kuɗin. Ki karɓi kafin alƙalami kafin ki riƙe wa kowa rana, domin in aka ɗage biki kin riga kin sallami wasu. Kuɗin Adaidaita Sahu ma ki sa shi a fili. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 zuwa gida ya daina zama abin da za ki yafe.

Jajibirin Sallah layi ne har tsakar dare, ƙarin kuɗi a ranar daidai ne, amma ki sanar tun da wuri.

Wanda ya fi damuna shi ne karya farashi ta hanyar sayen baƙin lalle mai araha. Lalle na asali ja yake kamawa. Baƙin nan mai kamawa nan take yawanci akwai sinadarin PPD na rinin gashi a ciki, kuma yana iya sa fata ta yi ƙaiƙayi, ta kumbura, ta yi bororo, tabon ya fito da siffar zanen. In amarya ɗaya ta tashi da hannu a kumbure ranar ɗaurin aure, unguwa duka za ta ji sunanki. Ki tambayi kowace mace ko rinin gashi ya taɓa yi mata illa, in ta ce eh, jan lalle kawai za ki yi mata, ko da kuɗinsa bai kai na baƙin ba.