Darasi na 9: Sukur, Ƙauyen Kan Dutse

Malami ya fara karanta labarin da ƙarfi sau ɗaya, ɗalibai suna bi da yatsa. Bayan haka kowa ya karanta sakin layi ɗaya. Kada a yi gaggawa.

Karatu

Idan ka tashi daga Yola ka nufi arewa, za ka wuce Gombi da Hong da Michika, ka isa Gulak, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Madagali a Jihar Adamawa. Tun kafin ka isa, duwatsu za su jeru a hannunka na dama. Su ne duwatsun Mandara, waɗanda suka miƙe a kan iyakar Najeriya da Kamaru. A kan ɗaya daga cikinsu akwai wani ƙauye mai suna Sukur. Tsayin wurin ya haura mita 1,000 daga bakin teku.

Mota ba ta kai ka can. A gindin dutse take tsayawa, sauran tafiya kuwa ta ƙafa ce. Amma ba cikin ƙaya da sarƙaƙiya za ka bi ba. Kakannin mutanen ƙauyen sun shimfiɗa hanya da falalen duwatsu, ɗaya kusa da ɗaya, tun daga ƙasa har ƙofar fadar sarkinsu. Ana kiran sarkin Hidi. Fadarsa ma da dutse aka kewaye ta, an ɗora wannan kan wancan, babu siminti. Waɗanda ke zaune a bisa ana ce da wurinsu Sukur Sama, waɗanda suka sauko gindin dutse kuma Sukur Ƙasa. Mutanen ba Hausawa ba ne, suna da harshensu, Sakun. Masana sun ce shi da Hausa dangi ne na nesa, tushensu ɗaya.

A da, da ƙarfe aka san Sukur. Ana tattara baƙin yashi mai tama a cikin ƙoramu, a narka shi da gawayi da zugazugi, a fitar da ƙarfen da ake ƙera fartanya da gatari. Fatake suna zuwa saye har daga ƙasar Borno. Wannan sana'a ta mutu wajen 1960, da tsofaffin ƙarafan waje suka cika kasuwa. Ƙauyen ya kuma sha wuya. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya kai masa hare-hare a farkon ƙarni na 20. A 2014 'yan Boko Haram suka hau dutsen suka ƙona gidaje. Duk da haka mutanen sun koma, suna nan suna noma. A 1999 ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne wuri na farko a Najeriya da ya sami wannan matsayi.

To, amma ba fada ce ta kawo mu wannan darasi ba. Gonakinsu ne.

Duk manomi ya san halin ruwan sama a gangare. Ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Gudu yake yi, yana tafiya da ƙasar sama mai laushi, da takin da ka sha wahalar kaiwa, wani lokaci har da irin da ka shuka jiya. Bana ka ga 'yar hanyar ruwa kamar tafiyar maciji. Baɗi ta zama rami. Bayan shekara biyar ta zama kwazazzabo, jaki ma ba ya iya tsallakawa. Abin da ya rage a sama sai fako da tsakuwa. Wannan shi ake kira zaizayar ƙasa.

Idan gangaren gonarka yana yi maka haka, yaya ke nan ga wanda gonarsa take jikin dutse? Ga abin da mutanen Sukur suka yi. Duwatsun da suka cika musu gona, ba su zubar ba. Sun jera su a kwance, suna gitta gangaren, suka yi gajerun katangu. Idan ruwa ya gangaro sai ya ci karo da katanga, ƙarfinsa ya karye. Ƙasar da ya ɗauko ta kwanta a bayan katangar, ruwan kuma ya tsatsa ta tsakanin duwatsu a hankali, rabi ya nutse. Shekara da shekaru, bayan kowace katanga ya cika ya zama fili shimfiɗaɗɗe. Idan ka tsaya daga nesa sai ka ga dutsen hawa-hawa kamar matakala. A kan waɗannan matakalai suke shuka dawa da gero da wake da gyaɗa.

Ba su tsaya nan ba. A cikin gida suna gina wa bijimin sa ɗaki na dutse wanda ya nutse cikin ƙasa, su riƙa kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba. Kashinsa bai watse a daji ba, yana wuri ɗaya, daga nan sai gona. Kafin damina kuma ana bin katangun ana mayar da duk dutsen da ya zame. Ni a ganina wannan gyara na kowace shekara ya fi ginin farko muhimmanci, kuma shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a al'amarinsu. Gina katanga aikin rani ɗaya ne. Riƙe ta kuwa sai uba ya miƙa wa ɗa, ɗa ya miƙa wa jika, ba wanda ya ce ya gaji.

Kada wani ya ce wannan dabarar mutanen dutse ce kawai. A ƙasar Adar, cikin Jihar Tawa ta Nijar, an fara wani babban aiki a yankin Keita a 1984, bayan fari ya cinye ƙasa. Manoma Hausawa da maƙwabtansu, yawancinsu mata, suka ɗebi duwatsu a ka suka jera a kan tudu da gangare, suka dasa miliyoyin itatuwa. Fakon da aka fid da rai da shi ya koma ba da hatsi.

Kalmomi

A rubuta waɗannan a allo, kowa ya kwafa sau uku: dutse, tudu, gangare, kwari, ƙorama, katanga, rumbu, taki, fako, kwazazzabo.

A lura da ƙugiyar da ke kan harafin ƙ. Ƙasa ita ce wadda muke nomawa. Kasa, ba ƙugiya, maciji ne mai mugun dafi, haka kuma idan mutum bai iya abu ba sai a ce ya kasa. Wanda ya manta ƙugiya ya rubuta wani abu dabam. Karanta wannan jimla a hankali: Kasa ta kwanta a ƙasa, Tanko ya kasa wucewa.

Aiki: jera duwatsu a gonarka

Wannan aikin rani ne, bayan an kwashe amfanin gona, kafin saukar ruwan farko.

Abu mafi wuya shi ne gane layin da yake daidai, wanda bai karkata hagu ko dama ba. Ido yana ruɗi. Idan layinka ya karkata, ruwa zai bi jikin duwatsun ya taru a gefe ɗaya, ya fasa, ya haƙa maka ramin da ya fi na da. Saboda haka sai an yi awo. Ma'aunin kuwa ba sai ka saya ba, kuma ka riga ka san siffarsa tun darasin farko: harafin A ne.

Nemi sanduna biyu miƙaƙƙu, kowace ta ɗan fi mita 2. Ɗaure kawunansu wuri ɗaya. Buɗe ƙafafun har tsakaninsu ya kai mita 2, sannan ka gitta sanda ta uku a tsakiya, ka ɗaure ta tamau don kada ƙafafun su motsa. Ga A ta fito. Yanzu ɗaura igiya a ƙoli, ka rataya mata dutse, ya sauko ƙasa da sandar tsakiya yana reto.

Saura a sa wa ma'auni alama. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, don haka a yi shi a gaban malami. Tsayar da A a ƙasa, ka kafa turke a gindin kowace ƙafa. Idan igiya ta daina motsi, zana inda ta taɓa sandar tsakiya da gawayi. Sai ka juya A, ƙafar dama ta koma gurbin ta hagu, ta hagu ta koma gurbin ta dama. Sake zana inda igiya ta tsaya. Yanzu kana da zane biyu. Tsakiyarsu ita ce alamar gaskiya. Yanka ta da wuƙa don kada ta goge. Daga yau, duk lokacin da igiya ta faɗa kan wannan yanka, ƙafafun biyu suna kan tsayi ɗaya.

Je ka saman gonar, inda ruwa yake shigowa, ka fara daga gefe. Kafa turke, ka sa ƙafa ɗaya a gindinsa. Matsa ɗaya ƙafar sama ko ƙasa har igiya ta hau alama, ka kafa turke na biyu. Juya ma'aunin a kan ƙafa ta biyu, ka nemi wuri na uku. Haka za ka yi ta tafiya har ɗaya gefen. Idan ka waiwaya za ka ga turakun sun yi lanƙwasa, ba su miƙe kamar kunyar garma ba. Kada ka gyara su. Haka ƙasar take.

Bi turakun ka haƙa ɗan rami marar zurfi, kamar tsawon yatsa, faɗinsa taƙi biyu na hannu. Wannan shi ne gadon duwatsun, shi ke hana ruwa bi ta ƙarƙashi. Sa manyan duwatsu a ciki ta ɓangaren gangare. Ƙananan kuma a cusa su ta ɓangaren tudu, su toshe ƙofofi, su riƙa tace ƙasa. Tsayin jerin ya kai kamar rabin ƙwauri, wato santimita 25 zuwa 30. Kada a shafe shi da laka. So ake ruwa ya wuce a hankali, ba a tare shi gaba ɗaya ba.

Idan gangaren mai sauƙi ne, a bar mita 15 zuwa 30 tsakanin jeri da jeri. Idan mai tsanani ne a matso da su kusa. Da damina ta kama, dasa gamba a bayan duwatsun. Saiwarta za ta riƙe ƙasa, da kaka kuma ga abin zana. Wanda babu dutse a yankinsa ma, ya yi awon ya dasa gamba kaɗai a kan layin, za ta taimaka ƙwarai.

Hattara: ƙarƙashin dutse gidan kunama ne da kububuwa da kasar da muka karanta ɗazu. Ture dutse da sanda ko fartanya tukuna, kada ka fara cusa hannu. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan da nan, ba tsaga, ba tsotsa. A kuma yi magana da maƙwabcin gona kafin a fara, musamman na ƙasa da kai, don ruwan da ya bar gonarka tasa zai shiga. Mafi kyau ma ku haɗa kai ku yi gayya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka sa rai gona ta sauya a damina ɗaya. Abin da za ka fara gani shi ne laushin ƙasa da ganye sun taru a bayan duwatsu, kuma shukar da ke kusa da jerin ta fi jure ƙishi idan ruwa ya ɗauke kwana goma.

Lissafi

Faɗin gonar Malam Audu mita 40 ne. Buɗin ma'auninsa mita 2. Sau nawa zai auna da shi kafin ya kai ɗaya gefen?

Tsawon gonar daga sama zuwa ƙasa mita 60 ne. Ya sa jeri na farko a can sama, yana barin mita 15 tsakani. Jeri nawa zai yi kafin ya kai iyakar ƙasa? Mita nawa ke nan duka?

A ce mutum huɗu suna jera mita 20 a yini. Kwana nawa aikin zai ɗauke su? Idan Inna Hajara ta kawo 'ya'yanta huɗu suka shiga gayyar, kwana nawa za a rage?

Tambayoyi

A wace jiha Sukur yake? Yaya ake kiran sarkinsu? Me ya sa suke tsare bijimin sa a ɗaki maimakon su sake shi kiwo? Don me ba a shafe jerin duwatsu da laka?

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya zaga gonarsa ko ta gidansu, ya duba ta inda ruwa yake shiga da inda yake fita. Ya rubuta jimla uku a kan abin da ya gani. Mutum uku-uku kuma su haɗa ma'auni ɗaya su zo da shi, za mu gwada a filin bayan aji. A taho da turaku 20 da guntun gawayi.