Yadda ake fara fassara zuwa harshen Klingon ba tare da ka kashe jarumin naka ba

Kusan duk wanda na gani ya ɗauki Klingon, ƙirƙirarren harshen nan na fina-finan Star Trek, ya ajiye, wuri ɗaya ya yi tuntuɓe: yana jera kalmomin yadda yake jera na Hausa. Za mu zo kan wannan. Kafin nan, shiga saitin wayarka ka kashe gyaran rubutu na kai-tsaye. A Klingon, girman harafi da ƙanƙantarsa ma'ana ne, kamar yadda k da ƙ suka raba kasa da ƙasa. qaH yallaɓai ne, QaH kuwa taimako. Ita ma 'yar waƙafin sama da ke Qapla' harafi ce cikakkiya, hamzar nan ce da muke yi a "sa'a", don haka Bahaushe ba ya shan wuya a kanta.

Sai batun jeri, inda na fi son ka daɗe. Marc Okrand, masanin harsuna ɗan Amurka da ya tsara harshen don fim ɗin Star Trek III na 1984, da gangan ya zaɓi tsarin da harsunan duniya ba su cika bi ba. Karɓau (wanda aka yi wa aikin) ne a gaba, aikatau (kalmar aikin) a tsakiya, aikau (mai yin aikin) a ƙarshe. Ɗauki puq legh yaS. puq yaro ne, legh gani, yaS hafsa. Idonka zai ce maka yaro ya ga hafsa. Ƙarya yake yi, hafsan ne ya ga yaron.

Ni na san dokar nan sarai, amma hannuna ya ƙi saninta. Ranar da na so in ce mayaƙi ya kashe abokin gaba, sai na rubuta SuvwI' HoH jagh, ina ta jin daɗi. Ashe abokin gaban na ba nasara, mayaƙin nawa na kwance. Daidai shi ne jagh HoH SuvwI'. Tun daga ranar, kowace jimla sai na fara rubuta Hausarta a takarda, in zagaye wanda aka yi wa aikin da jan biro, shi nake fara fassarawa. Yi haka har jimla hamsin kafin ka yarda da kanka. A takarda, ba a waya ba.

Na uku, ɗafa-goshin aikatau, wato gaɓar da ake liƙa wa farkonsa. Shi ke faɗin wa ya yi, wa aka yi wa, a gaɓa ɗaya. qalegh, ina ganin ka. cholegh, kana gani na. vIlegh, ina ganin sa. jI- kuwa na "ni" ne idan babu karɓau: jIyaj, na gane. Kada ka ce za ka haddace jadawalin duka a zama ɗaya. Riƙe jI-, vI-, qa- da cho-, ka haɗa da bI- ("kai" idan babu karɓau) da Da- (kai ka yi masa), sun ishe ka wata guda.

Kuɗi fa? Ƙamus ɗin Okrand, The Klingon Dictionary, ya fito a 1985, aka faɗaɗa shi a 1992, kuma nahawun yana cikinsa. In aljihu bai kai ba, manhajar boQwI' kyauta ce, tana warware maka kalma gaɓa-gaɓa. Darasin Klingon na manhajar koyon harsuna ta Duolingo da aka buɗe a 2018 na motsa hannu ne kawai, ba zan ɗora ginin nahawuna a kansa ba.

Ɗafa-ƙeya, wato gaɓoɓin da ake liƙa wa ƙarshen kalma, suna da lamba, aji biyar na suna, tara na aikatau, kuma bi-da-bi suke hawa. Jam'i uku ne: -pu' ga masu magana, puqpu' yara, -Du' ga sassan jiki, ghopDu' hannuwa, -mey ga sauran, paqmey littattafai. Kada ka nemi jiya da gobe a jikin aikatau, babu. -pu' na aikatau yana nuna aiki ya kammala, -taH yana nuna ana cikinsa, kusan bambancin "na ci" da "ina ci". Korewa kuma -be' ce. Kalmar da za ka fi furtawa a watan farko ke nan: jIyajbe', ban gane ba.