Yadda Ake Haɗa Ƴar Motar Arduino a Aji

Tun da ƴar motar ɗalibaina ta fara kauce wa bango, malaman lakwal a nan Damagaram ke ta tambayata yadda muka yi. To ga shi:

1. A zuba kusoshi a faranti. In ɗaya ya faɗa cikin yashi, sai haƙuri.
2. A ɗaura injuna biyu da tayoyinsu a jikin motar.
3. A ɗaure allon Arduino Uno a sama, shi ne ƙwaƙwalwar motar.
4. A jona wayoyin injunan da L298N, allon da ke sarrafa injuna. Hattara! Kada inji ya shiga Arduino kai tsaye, zai ƙona shi.
5. A jona L298N da Arduino, har da GND, wato wayar ƙasa (−). Nan yara suka fi mantuwa, sai mota ta yi shiru kamar an yi mata asiri.
6. A kafa HC-SR04, na'urar auna nisa, a gaba, shi ne idon motar.
7. Da kwamfuta, a tura umarni ta kebul ɗin USB.
8. A cire kebul.
9. A ɗora motar kan gwangwanin tumatir, tayoyi na lilo.
10. A sa batir 18650 guda biyu, jar waya a +. A duba sau biyu.
11. Tayar da ke juyawa baya, a musanya wayoyin injinta.
12. A sauke ta kan siminti.